Daga Ƙofar Emajansi Zuwa Ragamar Lafiyar Al'umma: Nasiha Ga Masu Burin Zama Likita



Duk shekara idan sakamakon JAMB ya fito, da wuya ka samu unguwar da babu yaro ko yarinyar da gida ya ɗora wa burin zama likita. Tun kafin a samu gurbin karatu, gwaggo da kawu sun fara kiran "Dakta". Buri ne mai kyau, Allah ya cika muku shi. Sai dai idan aka tambaye ku wane irin likita kuke son zama, amsar ba ta cika wuce likitan tiyata, ko na zuciya, ko na ido ba. Ba kasafai ake jin wanda ya ce emajansi yake so ba, wato sashen da ake kawo mutum rai a hannun Allah. Haka nan ba kasafai ake jin mai sha'awar fannin lafiyar al'umma ba, fannin da ke bin cuta har gidanta don a tare ta kafin ta kwantar da gari.

Mutane da yawa suna ganin waɗannan fannoni biyu sun yi hannun riga: ɗaya jini da gudu da salati, ɗaya kuwa taro da takardu da alƙaluma. Abin da nake son ku riƙe daga wannan nasiha shi ne, hanya ɗaya ce mai zango biyu. Wanda ya tsaya a ƙofar emajansi da ido buɗe ya fi kowa sanin abin da ke kashe mutanen garinsa. Wanda ya san haka kuwa, shi ya fi dacewa a damƙa wa ragamar hana shi.

Abin da ƙofar emajansi ke koyarwa

Ku ɗauka ƙarfe tara ne na dare a babban asibitin gari. A-daidaita-sahu ta tsaya, an fito da saurayin da ya faɗo daga babur, jini ya wanke masa fuska. Kafin a shigar da shi, ga wata mota ɗauke da dattijuwar da bakinta ya karkace tun la'asar. A kan benci wata uwa ta rungume yaro ɗan shekara biyu, kwana biyu yana gudawa, idonsa ya faɗa, ba ya kuka, ba ya motsi. Can gefe kuma wani magidanci ya tallabe karyayyen hannu yana ihu, yana cewa shi ya riga kowa zuwa. Likita ɗaya ne, nas biyu. Da wa za a fara?

Wanda bai san aikin ba zai ruga wajen mai ihu. Wanda ya sani ya san cewa mai ihu yana numfashi, yana cikin hayyacinsa, zai iya jiran minti ashirin. Yaron nan da ya yi shiru, da saurayin da ya fara munshari jini na taruwa a maƙogwaronsa, su ne ba su da minti biyar. Wannan tantancewa ita ce darasin farko na emajansi. A asibitoci da dama da launi ake yin ta: ja ga wanda za a taɓa yanzu-yanzu, rawaya ga mai iya ɗan jira, kore ga wanda ba ya cikin haɗari. Ana danganta asalinta ga Dominique Larrey, likitan rundunar Napoleon ta Faransa, wanda ya kafa ƙa'idar cewa mai rauni mafi tsanani za a fara dubawa, ko da kurtu ne, ko da hafsa na kwance yana jira.

Darasi na biyu shi ne bin tsari ko da hankalin kowa ya tashi. Kafin a tambayi sunan cuta, ana duba hanyar iska ko a buɗe take, sannan numfashi, sannan bugun jini da tsayar da zubarsa, sannan hayyaci, sannan a buɗe jiki a duba ko'ina don kada a bar wani rauni a ɓoye. Likitan emajansi ba ya jiran ya san komai kafin ya motsa. Da ɗan abin da ya gani yake yanke shawara, ya ci gaba da dubawa, idan sabon bayani ya zo ya gyara. Ku lura da wannan hali da kyau, domin shi ne ainihin halin da ake bukata ga wanda zai ja ragama ranar da annoba ta ɓarke.

Darasi na uku kuwa shi ne, ƙofar emajansi ba ta da ɗan gata. A Nijeriya doka ma ta faɗi haka. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta wa kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin karɓar mai bukatar taimakon gaggawa bisa kowane irin dalili. Dokar 2017 kuma ta wajabta a duba wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ko kuɗin kafin alƙalami ba. Har yanzu akwai wuraren da ake cewa "a je a yanko kati tukuna" alhali mutum na shure-shure. Ina roƙonku, idan Allah ya kai ku wannan matsayi, kada wannan magana ta taɓa fitowa daga bakinku.

Fannin emajansi a matsayin ƙwarewa mai zaman kanta ba tsoho ba ne. A Amurka ma sai 1979 aka amince da shi. A Gana an fara horar da ƙwararrunsa a Kumasi a 2009. A yawancin asibitocinmu har yau ƙananan likitoci ne da nas-nas ke riƙe da wannan sashe cikin dare. Ke nan filin a buɗe yake, yana jiran masu shigowa.

Tambayar da ke mai da likita jagora

A kan teburin kowane emajansi akwai wani babban littafin rajista, gefensa duk ya yi datti saboda yawan buɗawa. A ciki ake rubuta suna da shekaru da unguwa da abin da ya kawo mutum. Da yawa suna cika shi ne don an ce a cika. Amma duk wanda ya zauna ya karanta shi daga farkon shekara zuwa ƙarshe, zai ga tarihin garinsa a fili. Zai ga sanƙarau na shigowa daga ƙarshen hunturu zuwa tsakiyar bazara. Zai ga amai da gudawa da maleriya sun cika gadaje da damina. Zai ga saran kububuwa ya yawaita lokacin shuka da girbi. Zai ga karaya da fashewar kai sun ninka a makon Sallah. Zai ga cewa yara biyar da aka kawo da gudawa cikin kwana uku, duk daga layi ɗaya suke, rijiya ɗaya suke sha.

Daga nan tambaya ke canjawa. Da farko likita na tambayar "me ke damun wannan?" Idan ya fara hankalta sai ya ƙara da "daga ina ya fito, kuma wa zai biyo bayansa?" Wanda ya fara yin wannan tambaya ta biyu ya riga ya sa ƙafa a fannin lafiyar al'umma, ko bai karɓi takardar shaidarsa ba.

Misalinsa kamar ɗakin da ke yoyo ne da damina. Dole a tara kwano cikin dare don kada shimfiɗa ta jiƙe, kuma mai tara kwanon ya yi aikin kirki. Amma idan gari ya waye ba wanda ya hau ya yaɓe rufin, haka za a ƙare damina ana zubar da ruwa. Mai tara kwanon shi ya fi kowa sanin daidai inda ke ɗiga.

Zamfara, 2010

A watan Maris na 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da ke bibiyar sanƙarau a Zamfara suka tarar da abin da ya ɗaure musu kai. A wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum yara ƙanana na ta mutuwa, suna jijjiga, suna suma. An ba su maganin maleriya, an ba su na sanƙarau, babu sauƙi. Da a ce an tsaya a bakin gado kawai, da haka za a yi ta binne yara ana cewa mugun zazzaɓi ne. Sai aka shiga gidajen. Aka ga ana kawo duwatsun zinare cikin gida, ana niƙa su a injin niƙa, ana daka su a turmi, ana shanya garin a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Da aka gwada jinin yaran da ƙasar gidajen, sai ga gubar dalma mai yawan da ya firgita masana. Yara fiye da 400 ne suka rasu.

Ga inda darasin yake. Akwai maganin da ke fitar da dalma daga jini, amma idan aka wanke jinin yaro aka mai da shi gidan da ƙasarsa ke cike da guba, zai sake kwasa. Dole sai an kankare ƙasar tsakar gida da ta ɗakuna, an kwashe ta, an zuba sabuwa, an fitar da niƙan dutse daga cikin gari, sannan magani zai yi amfani. Wannan kuwa ya fi ƙarfin likita shi kaɗai. Sai da aka haɗa da masana muhalli, da hakimai da dagatai, da su kansu masu haƙar zinaren, da kuɗin gwamnati. Garin Bagega sai a 2013 aka samu aka tsaftace shi, kuma duk tsawon jiran nan yara na zaune cikin guba. Likitan da bai iya zama da mai gari ba, bai iya rubuta wa hukuma takarda mai hujja ba, bai iya naci har a saki kuɗi ba, maganinsa na nan a kwali yara na mutuwa.

Legas, 2014

Ranar 20 ga Yuli, 2014, wani matafiyi daga Laberiya mai suna Patrick Sawyer ya sauka a filin jirgin saman Legas yana fama da rashin lafiya. A lokacin likitocin asibitocin gwamnati na yajin aiki. Aka kai shi wani asibiti mai zaman kansa a Obalende, inda Dakta Ameyo Stella Adadevoh ke aiki. Kafin nan ba a taɓa ganin Ebola a Nijeriya ba, ita ma ba ta taɓa duba mai ita ba. Amma ta haɗa alamun da ƙasar da ya fito, ta yi zargin Ebola ce, ta sanar da hukuma. Aka matsa mata lamba ta sallame shi don ya halarci taro a Kalaba. Ta ƙi. Ya rasu ranar 25 ga Yuli. Ita ma ta kamu, ta rasu ranar 19 ga Agusta.

Shawarar da ta yanke a bakin gado ɗaya ta sayo wa ƙasa lokaci. Amma lokacin ba zai yi amfani ba da babu waɗanda suka san yadda za su yi da shi. Tun 2012 Nijeriya ta kafa cibiyar gaggawa ta yaƙi da shan-inna, inda aka saba bin gida-gida da tattara bayanai kullum. Daga can aka ɗauko Dakta Faisal Shuaib ya jagoranci cibiyar Ebola a Legas. Aka bi sawun mutane kusan 900 da suka yi mu'amala da masu cutar, ana ziyartar kowa ana auna zafin jikinsa har kwana 21. Cutar ta ɓulla a Fatakwal, aka bi ta can ma. A ƙarshe mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, kuma ranar 20 ga Oktoba, 2014, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana cewa Nijeriya ta rabu da Ebola. A Gini da Laberiya da Saliyo kuwa, mutane fiye da 11,000 cutar ta kashe.

Ku dubi mutanen nan biyu, Dakta Adadevoh da Dakta Shuaib. Ɗaya ta tsare ƙofa, ɗaya ya tsare gari. Da ɗayansu ya gaza, aikin ɗayan ya tashi a banza. Irin likitan da nake fata a samu daga cikinku shi ne wanda ya fahimci aikin duka biyun.

Kano, da wata leda mai ma'auni

Ga 'ya'yana mata musamman, ga misali daga gida. Zubar jini bayan haihuwa shi ne kan gaba wajen kashe masu jego a duniya, yana ɗauke mata kimanin 70,000 duk shekara. Duk wanda ya yi aiki a ɗakin haihuwa ya san yadda abin ke faruwa. Mace ta haihu lafiya, ana murna, jini na tsiyaya cikin zani da katifa, ana kimanta shi da ido, ana cewa bai yi yawa ba. Kafin a farga jikinta ya yi sanyi.

Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ta shafe shekaru tana ganin wannan da idonta. Tana cikin jagororin wani babban bincike da aka yi a asibitoci 80 na Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kan mata fiye da 200,000, aka wallafa sakamakonsa a 2023. Dabarar ba ta da wani tsada. Ana shimfiɗa wa mai haihuwa leda mai aljihu da aka yi wa zanen ma'auni, jinin ya taru a ciki, ungozoma ta ga adadinsa da idonta. Da ya kai iyakar haɗari, sai a yi komai a lokaci guda maimakon ɗaya bayan ɗaya: murza mahaifa, allurar da ke tsuke ta, maganin tsayar da jini, ƙarin ruwa, duba ko akwai yagewa, da kiran babba idan abin ya ƙi. Wannan tsari ya rage mummunar zubar jini da abin da ke biyo bayanta da kashi 60 cikin 100.

Likita ɗaya, komai ƙwazonta, mata nawa za ta ceta da hannunta a rayuwarta? Amma idan ta mai da abin da ta gani a bakin gado ya zama bincike, binciken ya zama ƙa'idar aiki, sai ta ceci matan da ba za ta taɓa ganin fuskarsu ba, a ƙauyukan da ba za ta taɓa takawa ba.

Haka abin yake a wasu ƙasashe. A Amurka, Dakta Leana Wen likitar emajansi ce da ta yi ta farfaɗo da waɗanda ƙwaya ta sumar. Da aka naɗa ta kwamishinar lafiya ta birnin Baltimore, sai a 2015 ta sa hannu a takardar magani guda ɗaya da ta ba mazauna birnin, su kimanin 620,000, damar karɓar maganin farfaɗowa mai suna naloxone, domin ta san yawancin masu mutuwa ba sa kaiwa asibiti. Ba a ofis ta koyi wannan ba.

Jarin shugaban lafiya shi ne amana

Idan kun hau kujerar jagoranci za ku tarar cewa ilimin magani shi ne ɓangare mafi sauƙi. Mai wuyar shi ne mutane su yarda da ku. Mu a Arewa mun ga farashin rashin yarda. A 1996, lokacin annobar sanƙarau da ta kashe mutane fiye da 11,000 a Nijeriya, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a kan yara a Kano, abin da ya jawo shari'a ta shekaru kan batun izinin iyaye. Tabon bai warke ba har 2003, lokacin da aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano saboda zargi, cutar ta sake bazuwa har ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. A 2012 fiye da rabin masu shan-inna na duniya a Nijeriya suke. A Fabrairun 2013 aka harbe ma'aikatan rigakafi tara a Kano.

Ba da ƙarfin tuwo aka gyara wannan ba. Lokacin da Dakta Muhammad Ali Pate, ɗan Misau, ya riƙe hukumar kula da lafiya a matakin farko daga 2008 zuwa 2011, cikin manyan abubuwan da aka yi har da jawo sarakuna cikin tafiyar, ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi. Sarakuna suka ɗiga wa 'ya'yansu da jikokinsu maganin a gaban jama'a. Malamai suka yi bayani, mata masu wayar da kai suka shiga gidajen da namiji ba ya shiga. An ga mai shan-inna na daji na ƙarshe a Borno a 2016, kuma ranar 25 ga Agusta, 2020, aka ayyana Afirka ta rabu da wannan nau'in cutar.

Saboda haka ku koyi magana da mutanenku da harshensu. Likitan da ke jin kunyar yi wa tsohuwa bayani da Hausa, ko yake hantarar mai jinya don ya fara zuwa wajen mai maganin gargajiya, yana rusa amanar da zai nema gobe. Ku tuna Agustan 2014, daren da saƙon waya ya zaga ƙasa cewa a yi wanka da ruwan gishiri a sha don kariya daga Ebola. Mutane suka tashi tsakar dare suna dafa ruwa, wasu suka kwanta asibiti, wasu suka rasa rai. Inda hukuma ta yi jinkirin magana, jita-jita ce ke riga ta. Kuma idan kun yi magana, ku faɗi gaskiya. Za a zo ranar da wani babba zai ce ku rage adadin waɗanda kwalara ta kashe don kada a ji kunya. Ranar ce za a san ko kai likita ne. Adadin da aka ɓoye yana hana a aiko da ruwan ƙari da magani, kuma wanda zai biya bashin wannan ƙarya yaron talaka ne.

Ku san kuma cewa abubuwa da yawa da ke cika emajansi ba a ma'aikatar lafiya ake magance su ba. Haɗarin hanya na kashe mutane kimanin miliyan 1.19 duk shekara a duniya. Maganinsa hular kwano ce, da bel, da hana gudun wuce sa'a, da gyaran titi. A Oktoban 2024 tankar mai ta faɗi a Majiya ta jihar Jigawa, jama'a suka taru kwasar fetur, wuta ta tashi, mutane fiye da 150 suka rasu. Babu asibitin da ke da gadajen ƙuna da za su ɗauki irin wannan. Abin da zai ceci rayuka a irin wannan rana shi ne abin da aka yi kafin ranar: wayar da kai, killace wuri da sauri, duba lafiyar manyan motoci. Dole shugaban lafiya ya iya zama da jami'an hanya, da hukumar ruwa, da 'yan majalisa masu raba kasafin kuɗi, ya nuna musu da alƙaluma inda naira ɗaya za ta fi ceton rai. Tantancewar nan da ya koya a ƙofar emajansi, ita ce dai zai yi a kan teburin kasafi.

Yadda za ku bi hanyar

Na farko, ku riƙe karatu da gaske. Shekara shida ne a jami'a, sai shekarar horo a asibiti, sai hidimar ƙasa. Idan aka tura ku ƙauye, kada ku nemi a sauya muku. A can ne za ku zama likitan yara da na mata da na ƙashi a rana ɗaya, kuma a can za ku ga rijiyar da masu gudawa ke sha.

Na biyu, kada ku yi gaggawar barin bakin gado. Na san ofis da motar aiki da taron otal suna da jan hankali, albashin ƙungiyoyin waje ma ya fi tsoka. Amma wanda ya zama darakta bai taɓa neman jijiyar yaron da ruwa ya ƙare a jikinsa da hasken tocilan ba, zai riƙa tsara abin da ba ya aiki a ƙasa, kuma ma'aikata za su gane shi tun ranar farko. Ku ba hannunku shekarun da zai nuna.

Na uku, ku ƙaunaci lissafi. Darasin ƙididdiga da na lafiyar al'umma da ɗalibai ke karantawa don cin jarrabawa kawai, shi ne makamin jagora. Bayan kun samu gogewa, akwai digiri na biyu a lafiyar al'umma a jami'o'i irin su Ahmadu Bello da Bayero, akwai horon ƙwarewa na kwalejojin likitoci na ƙasa da na Afirka ta Yamma, akwai kuma shirin horar da masu bin sawun annoba da Nijeriya ta fara a 2008, wanda ɗalibansa suka yi rawar gani a lokacin Ebola. Hukumar yaƙi da cututtuka ta NCDC da aka kafa wa doka a 2018 tana bukatar irinku.

Na huɗu, ku girmama abokan aiki. Tsohuwar nas da ta shekara ashirin a emajansi ta san abin da ba ya cikin littafinku. Mai gwajin jini, da direban motar asibiti, da mai shara da ke kwashe allurai, kowannensu rai na rataye a aikinsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na biyar, ku kula da kanku. Ba zan ɓoye muku ba, aikin nan akwai gajiya, akwai kwanan zaune, akwai ranar da za ku yi iya yinku mutum ya cika a hannunku, ku fita ku gaya wa uwa. Akwai haɗarin kamuwa, kamar yadda zazzaɓin Lassa ya sha ɗauke ma'aikatan lafiya a ƙasar nan. Ku sa safar hannu, ku wanke hannu, ku yi barci idan an ba ku hutu, ku riƙe ibada, ku samu wanda za ku faɗa wa abin da ke ranku. Idan kuma dama ta zo ta fita waje ƙaro ilimi, ku je, ba laifi ba ne. Sai dai ku tafi da niyyar dawowa da abin da kuka samo, domin iyayen da suka sayar da amfanin gona suka biya muku kuɗin makaranta, a nan za su yi rashin lafiya.

Ga wanda bai samu gurbin likita ba

Ba kowa ne zai samu gurbin karatun likita ba, kuma wannan ba ƙarshen hanya ba ne. Aikin jinya, da ungozoma, da kimiyyar gwaje-gwaje, da harhaɗa magunguna, da duba-gari, duk ƙofofi ne na wannan gida. Ko ba ka shiga ɗaya daga ciki ba, mintunan farko na kowane haɗari a hannun wanda ke kusa suke. Ka koyi danne rauni da tsumma mai tsabta har jini ya tsaya. Ka san cewa wanda ya suma ba a ɗura masa ruwa, ana kwantar da shi ta gefe ne. Yaro mai jijjiga ba a cusa masa cokali a baki, ba a turara masa hayaƙi. Ƙuna ruwa mai sanyi ake kwarara mata na kimanin minti ashirin, ba manja ko baƙin mai ba. Saran maciji ba a tsaga shi, ba a tsotsa, a hana ƙafar motsi a garzaya asibiti. Ka ajiye lambar gaggawa 112 da ta jami'an kiyaye haɗura 122 a wayarka, kuma idan ka iske haɗari ka kira su, ka kai hannu, maimakon ɗaukar hoto.

Ku kuma da Allah ya zaɓa ya buɗe wa ƙofar karatun likita, ina kira gare ku da babbar murya: a cikin kowane aji na ɗaliban likita a Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri da Yamai, a samu waɗanda za su ce mu emajansi za mu tsaya, mu ƙware a kai, sannan mu bi cutar har inda ta fito. Ku fara da ceton wanda ke gabanku, ku ƙare da hana na bayansa zuwa. Allah ya ba ku ilimi mai amfani, ya sa albarka a hannuwanku, ya tsare ku da riƙon amana.